Ƙarfen da Na Binne a Kore Mairuwa

Samarin da ke fitowa daga makarantar koyon sana'a yanzu, idan sun zo gaishe ni a shago, ba sa kallon fensa da turnabis, kayan kama waya da kwance ƙusa, da ke rataye a bango. Bik ɗin aljihun rigata, wato biro, suke kallo, da tambarin da ke kan tebur. A ganinsu na gama da wahala: su ke hawa tsani suna shaƙar ƙurar silin, ni kuwa ina zaune ƙarƙashin fanka, a kawo takarda in ja layi ɗaya mai lanƙwasa, a ce Mushe Gado ya sa hannu, don a nan Mushe ake ce wa ɗan boko, kamar a ce Malam. Ɗayansu har ya taɓa tambayata ko akwai hanyar da mutum zai fara daga bik ɗin kai tsaye, ba sai ya bi ta tsani ba. Na ce akwai, sunanta siyasa, amma ba a shagona ake koyar da ita ba.

To bari in gaya muku abin da ke cikin layin nan mai lanƙwasa.

Takardar shaidar haɗa lantarki, wadda muke kira atestasiyo, tana da gurbi uku a ƙasa, kuma sai an cike su kafin a ɗaura wa babban gini kwantar, akwatin nan mai ƙirga wutar da aka sha. Gurbin farko na wanda ya tsara ne. Shi ya zauna ya lissafa nauyin da ginin zai ɗauka, da kaurin waya, da inda za a sa dijanktar, wato abin da ke katse wuta idan ta ɓaci, da hanyar da wutar da ta kauce za ta bi ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Gurbi na biyu na wanda ya haɗa da hannunsa ne. Na uku na wanda ya zo ya auna ya ce an yi daidai. A takarda mutum uku ne, kowa da kasonsa na alhaki. A Dogon Dutsi kuwa mai haɗawa yana tafiya cin rani, mai aunawa ana yi masa canjin wurin aiki, mai tsarawa ne kaɗai ke da shago da allo a bakin hanya, kuma har masu kabu-kabu sun san ƙofar gidansa.

Ni ba da waya na fara ba. Shekara huɗu na yi ina koyar da lissafi a koleji, kafin in lura cewa waya ta fi ɗalibi riƙe abin da aka gaya mata. Na ajiye alli ina da gemu, na shiga hannun Metur Kwasi, wani mutumin bakin teku da ya zo garinmu aikin wata uku ya shekara talatin. Na je masa da takardun makaranta a cikin jaka. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, ya yaba, sannan ya miƙo mini diga. Shekarar farko ramuka kawai na haƙa. A ta biyu ya yarda in riƙe fensa. Sai a ta uku ya bar ni na taɓa takardar zane, ita ma da fensir, don a iya gogewa.

Metur yana da wata al'ada da ban taɓa gani wurin wani ba. Idan an gama aiki, kafin ya fito da bik, sai ya sa a watsa ruwa a daɓe, ya cire takalmansa, ya tsaya a kan jiƙon, ya ɗora tafin hannunsa a jikin kowane ƙarfe da ke gidan, daga firigo, wato firji, har ƙofar akwatin wuta. Mai gida na kallo, matansa na leƙe. Sannan ya goge hannu ya sa hannu. Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba, amma wannan jimlar ya iya ta sarai: "Wanda ba ya taɓa ba takalmi, ba ya sa hannu." Na'urar awo muna da ita, kuma ita ta riga ta gaya masa babu komai. Don mai gida yake yi, saboda mai gida bai yarda da allura ba, ya yarda da tafin ƙafa.

Masu gida kuwa, Allah ya bar mu da su, kowannensu injiniya ne. Zanensu da sanda suke yi. Mutum ya shige gaba yana nuna bango: nan ƙwai, nan fanka, nan wurin cajin waya. Ka tambaye shi me da me zai kunna, ya ce ƙwai biyu da rediyo, shi talaka ne. Ka lissafa masa, ka ƙara kaɗan don ka san halin mutanenka. Bayan kaka ɗansa da ke Abijan ya aiko da firigo, surukinsa ya kawo injin markaɗe, matar ta sayi abin dafa ruwa, duk a rataya su a wayar da aka auna don rediyo. Ranar da ta yi ƙauri, ba a cewa firigo ya yi nauyi. Cewa ake aikin Mushe Gado ne.

Wani dattijo ya taɓa zuwa mini daga Ɗan Kassari da ƙullin goro, kamar mai gayyatar ɗaurin aure. Ɗan ƙanensa ya haɗa masa wutar shago, an zo cike takarda, suka ga gurbi uku, suka yi shawara a gida cewa gurbin sama na babba ne, bai kamata yaro ya hau kan manya ba. Shi ne aka zo a ba ni girmana. Na ce ina zanen? Ya ce ai an riga an gama, zane na mene ne kuma? Na hau babur na je na gani. Da wayar lasifika aka yi rabin aikin. Na mayar masa da goronsa. Har yau a Ɗan Kassari akwai gidan da ake cewa boko ya sa mini girman kai, an ba ni gurbin sama na ƙi.

Aikin da ya kusa raba ni da bik kuwa, aiki ne da na yi shi daidai tun daga farko har ƙarshe.

Alhaji Noma, babban ɗan kasuwa a Kore Mairuwa, ya gina gidan ƙanƙara a jikin gidansa, ɗaki ɗaya mai faɗi da manyan firigo huɗu sababbi. Na zana masa komai don huɗun nan, na sa hannu a gurbin farko. Ango, wani taubashina mai saurin hannu da saurin baki, shi ya haɗa. Ranar binne ƙarfen ƙasa na je da kaina, don na san Ango: idan rana ta yi zafi, ramin da aka ce ya kai ƙirji yana tsayawa a gwiwa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ga yadda abin yake. Ana ɗaure jikin kowane firigo da waya mai launin kore da rawaya, a ja ta waje, a ɗaura ta a kan sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan wuta ta zubo a jikin firigo, sai ta bi wayar ta shige ƙasa, dijanktar ya ji an yi ɓarna ya faɗi. Amma ƙasarmu rairayi ce, kuma busasshen rairayi ba ya karɓar wuta. Don haka muke haƙa rami mai zurfi, mu kafa sandar, mu zuba gawayi, mu zuba gishiri, mu sake gawayi, mu sake gishiri, mu kwarara ruwa, mu rufe. Da rani kuma sai an riƙa shayar da wurin, in ba haka ba sandar ta zama ado.

Duk wannan aikin a bayan ɗakin muka yi shi, kuma akwai mai kallo. Inna Kande, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa ƴar wajen Lugu, tana zaune a tabarma tana tsince wake. Tana nan har aka rufe ramin. Sannan ta yafito ni, ta kira ni da sunan da suke kiran ƴan boko.

"Ɗan lakwal, mi shika ci?"

"Wa, Inna?"

"Wanda kunka aje."

Na ce ruwa kawai, Inna, bokiti guda kowane mako idan rani ya yi.

"Wace rana?"

Na ce ko wace rana ce.

Ta dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya ce bakwai sau takwas hamsin ne. "Babu wanda ba shi da ranar da shika so. Bari, ni za ni gano."

Ango ya juya baya yana dariya cikin hula. Ni ma na yi murmushi na haɗa kayana. Tsohuwar da ta girma a inda ake ajiye wa doguwa, aljanar bori, wuri a gindin itace, ta ga an binne jan ƙarfe da gawayi da gishiri a bayan gida an ce a riƙa ba shi ruwa, me kuke so ta fahimta? Ya kamata in zauna in yi mata bayani. Ban yi ba, don ina sauri in kama hanya. Idan akwai laifina a duk labarin nan, to wannan ne, kuma babu gurbinsa a takarda.

Bayan shekara guda na biyo ta wurin zan je Tibiri, na ce bari in auna. An share wurin fes, an kewaye shi da duwatsu, ƙasar a jiƙe, ga ɗan ƙoƙo da sauran fura a gefe, ga gashin kaza biyu a soke. Na kafa na'ura. Tun da na fara aiki a Arewa ban taɓa ganin allura ta ba da amsa mai kyau irin ta ranar ba. Gidajen manyan ma'aikata, masu digiri da suka ce sun gane bayanina tun ban gama ba, babu wanda ya taɓa zuba ko moɗa ɗaya. Inna Kande ta leƙo ta ce mini ta gano, Alhamis yake so. Na ce madalla. Na sake barin bayanin, wannan karon da gangan.

Abu biyu suka haɗu suka ɓata lamarin. Na farko, ƙanen Alhaji ya aiko masa da tsofaffin firigo uku daga Kwatano, waɗanda suka gama rayuwarsu a wata ƙasa suka zo yin ta biyu a tamu. Aka jona su ba a tambayi kowa ba. Ɗayansu yana zubar da wuta a jikinsa, sai dijanktar ya fara faɗuwa, yau sau biyu, gobe sau biyar, ƙanƙara na narkewa. Aikinsa yake yi, amma babu mai gode wa mai gadin da ke yawan tada mutane.

Na biyu, magana ta fita kasuwa. Alhaji a lokacin ya shiga kwamitin ginin masallaci, ya fara yi wa mutane nasiha a kan bori da tsafi ko ba su tambaya ba. Sai abokan hamayyarsa suka samu abin yi. Ranar kasuwa wani mai sayar da lemo ya ɗaga murya daga rumfarsa: "Alhaji, ƙaƙa baƙon bayan gida? An ba shi hura tai ta Alhamis? Ka ara muna shi mako guda, mu ma mu ga ciniki!" Rumfuna uku suka kwashe da dariya.

Washegari Alhaji ya sa aka tone ramin, aka zare sandar, aka datse wayar daidai bango, aka ba maƙeri ƙarfen don ya yi mundaye. Kuma ga abin da ya sa nake cewa sana'ar nan tana da mugun barkwanci: daga ranar dijanktar bai sake faɗuwa ba. Dole ne, tunda wutar da ke zuba ba ta da sauran hanyar shiga ƙasa, sai ta zauna a jikin firigo bakwai tana jiran mai taɓawa. Alhaji ya ga hujja da idonsa. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tun da ya fitar da ƙazanta daga gidansa wuta ta zauna lafiya. Ya sa aka malale wurin da siminti, aka mai da shi wurin alwala.

Mata biyu ke masa aikin ɗura ruwa a leda, Rabi da Hajo. Su suka fara ji. Suka koma buɗe firigo da muciya, suna sanye da silifa biyu-biyu. A wurinsu babu abin mamaki: an kori mai wuri ba sallama, yana tsunkulin mutane. Rabi ta ce wa Alhaji hannunta na kwana yana tsami, ya ce ta riƙa yin bisimilla kafin ta taɓa. Wata huɗu ana haka. Babu wanda ya rubuta wa kowa takarda, don hannun Rabi ba ya cikin hannayen da ake rubuta takarda saboda su.

Sai azumi ya zo. Wani babban ma'aikaci da aka turo yankin daga birni ya tsaya sayen ƙanƙara da la'asar. Ya yi alwala a sabon wurin alwalar Alhaji, ya shiga ɗakin ba takalmi, ƙafa a jiƙe, hannu a jiƙe, don ya zaɓi ƙanƙararsa da kansa, kasancewar bai yarda da zaɓin kowa ba. Ya kama murfi. Dijanktar ya faɗi nan take, kamar yadda na tsara, shi ya sa mutumin yana raye har yau. Amma kafin ya faɗi an riga an jefar da bawan Allah a kan daɓe, wuyan hannunsa na dama ya karye. Hannun da yake sa hannu da shi ke nan, saboda haka lamarin ya zama na hukuma.

Aka nemo atestasiyo. Ango yana Libiya. Mai awo ya yi ritaya ya koma ƙauyensu can bakin kogi inda waya ba ta shiga, ranar da ta shiga kuma ya ce bai tuna ba. Saura sunan da ke sama. Cikin mako biyu takarda ta iso: an dakatar da izinina na sa hannu har a gama bincike, in kai tambarina ofis. Zargin a fili yake. Zane ya nuna sandar ƙasa, wuri bai nuna ba, mai gida ya ce bai taɓa ganin ta ba. Idan ya tabbata cewa sandar takarda ce, irin wadda ake zanawa ba a binnewa, an raba ni da tambarin ke nan har abada. Ba zan ce zargin banza ba ne. Na san gine-gine da yawa da sandunansu ke zaune lafiya a cikin fayil.

Wata bakwai na yi ba tambari. Na koma gyaran fanka da dutsen guga da tocila. Mushe Piyer, wanda ke kula da ginin sabon zauren cocinsu, ya zo da kansa ya karɓi zanen da na fara musu, yana ta ba ni haƙuri har na fara jin kamar ni na yi masa laifi. Waɗanda na ƙi sa wa hannu a baya kuwa, kowa ya biyo ta ƙofar shago a hankali don ya gaishe ni ya ga yadda nake.

Na je wurin Alhaji Noma mu biyu kawai. Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, daga firigon gidan maƙwabci. Bai ɓoye mini komai ba.

"Mushe, kai ka koyar da lissahi. In na ce akwai ƙarhe ni na tone, hannun mutumen ga yana wuyana, kuma kasuwa ta ce ashe da gaske na aje wani abu. In na ce babu, yana wuyanka. Kai in kai ne, wanne kaka ɗauka?"

Na ce wanda ya faru.

"To shi ya sa kake gyaran tocila," in ji shi, kuma ba da mugunta ya faɗa ba.

Ranar da kwamitin bincike ya zo, mutum uku ne a mota ɗaya: shugabansu, Injiniya Sumana, matashi mai gilashi da ba ya murmushi a lokacin aiki, da mataimakinsa, da sakatare mai babban littafi. Aka shimfiɗa tabarmi a bayan ɗakin ƙanƙarar, daidai gefen simintin. Rabin unguwa ta taru a bakin zaure. Na buɗe zanena na nuna inda sandar take. Na roƙa a fasa simintin. Alhaji ya ce wurin alwala ne, amma shi mai biyayya ne ga hukuma, a fasa. Sai dai yana so a sani tun yanzu cewa nan ne tsohon madafin gidan, duk wanda ya tona zai samu gawayi, wataƙila har da gishiri. Na dube shi da wani irin girmamawa. Da ya zauna a ajina da ya yi nisa.

Injiniya Sumana ya tambaye shi a karo na ƙarshe ko an taɓa binne wani ƙarfe a nan.

"Ranka shi daɗe, ko allura ba a taɓa binnewa ba."

Alhaji ya yi lissafinsa da kowa, har da mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, kuma irin su Inna Kande ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa shiga maganarsa a gaban mutane, ko yabo ko zagi. Shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa yi ba. Abin da bai lissafa ba shi ne, a wurinta wannan ba maganarsa ba ce.

Ta fito daga ɗakinta tana jan wani dogon abu naɗe da farin ƙyalle, ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta zauna ba wanda ya ce ta zauna.

"Ni ban zo maganar kowa ba," in ji ta, tana kallon Injiniya. "Baƙo anka kawo gidan ga, gabana. Ramin ya kai ma dogon nan Ango ƙirji. Gawayi buhu ukku, gishiri tiya shidda, ɗan lakwal ga shina tsaye shina hwaɗa a ƙara. Rani biyu ina ba shi ruwa ran Alhamis, bai taɓa ko ɗan tsako ba. Sannan anka tashi rana tsaka anka hidda shi awa ɓarawo, anka kai ma maƙeri. Wanda ya yi ya san kansa. Ni ba ni hwaɗin suna."

Ba ta dubi inda Alhaji yake ba ko sau ɗaya. Duk sauran jama'a shi suke kallo.

Ta kwance ƙyallen. Sandata ce, an goge ta da toka tana ƙyalli fiye da ranar da na saye ta. Ƴar akuya ta ba maƙerin ta karɓo ta kafin ya sa a wuta. Maɗaurin yana nan a kanta, da guntun waya kore da rawaya kamar tsawon yatsa. Mataimakin Injiniya ya ɗauka ya kai jikin bango, ya kara da guntun da ya rage a can. Kauri ɗaya, yanka ɗaya.

Injiniya Sumana ya cire gilashi ya goge. Ya ce, saboda rahoto, yana so wanda ya tsara aikin ya faɗa da bakinsa mene ne wannan abin, kuma ko ya taɓa gaya wa mutanen gidan cewa wani abu ne daban.

Tsohuwar da ta cece ni tana zaune taku biyu daga inda nake, ta bar kunyar ɗan fari a ɗaki saboda baƙonta. Idan na ce ƙarfe ne kawai, na ƙaryata ta a gaban unguwa, kuma tana iya naɗe kayanta ta ce to ba shi ba ne. Idan na yi kwana-kwana, sakatare na rubutawa, kuma za a karanta a birni cewa mai tsara lantarki na Dogon Dutsi yana girka iskoki. Na ce jan ƙarfe ne, tsawon mita biyu, ba ya ji ba ya gani, ba ya cin fura, ruwan ma don rairayi ne ba don shi ba. Na ce ya kamata in gaya wa Inna haka tun ranar farko, ban gaya mata ba.

Inna Kande ta gyaɗa kai, ba ta ko ji haushi ba.

"Haka anka koya musu su ce," ta gaya wa Injiniya, kamar mai ba da uzurin yaro. "Rubuta nashi. Amma ka rubuta sa'adda ina ba shi ruwa ba a jefar da kowa ba."

Sakatare ya ɗaga kai ya tambaya da Faransanci yadda zai sa wannan a rahoto. Injiniya ya ce ya rubuta cewa an kula da sandar ƙasa a kai a kai har ranar da aka cire ta, kuma mai kulawar ta fi duk wanda ya taɓa gani.

Tambarina ya dawo bayan mako shida da zuwan kwamitin, a cikin ambulan, ba tare da kalma ɗaya ta ban haƙuri ba. An umarci Alhaji ya rufe ɗakin har sai an sake aikin an kawo sabuwar takarda. Yadda suka ƙare da mai karyayyen hannu ban sani ba, na dai ga an kai raguna biyu wani gida a mota.

Wata ranar Laraba sai ga Alhaji a shagona, shi kaɗai, ya zauna a bencin masu kawo gyaran fanka. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Ya ce duk yankin an ce masa ni kaɗai hukuma za ta yarda da sa hannuna a kan wannan ɗakin. Na ce firigo shida zan zana, na bakwai a kai shi inda ya dace da shekarunsa, kuma Rabi za a kai asibiti a duba hannunta kafin in taɓa fensir. Ya ce to. Na ce za a fasa wurin alwala. Ya ce to. Sannan ya matso ya rage murya. Yana so in rubuta masa a takarda dabam, da Faransanci, da tambari, cewa shayar da ramin umarnin hukuma ne, don ya manna a ƙofa saboda mutanen kasuwa. Na rubuta masa. Ita ce takarda mafi gaskiya da na taɓa buga wa tambari, kuma babu mai iya karanta ta a layin masu lemo.

Da muka je aikin, na shiga gaishe da Inna Kande, na roƙe ta sandar don a mayar da ita wurinta. Tana jingine a kusurwar ɗaki, bayan randa, cikin farin ƙyallenta.

"A'a," in ji ta. "Wanga ya ga wulaƙanci, kuma ya saba da nan. Ku sawo wani."

Na ce to wa zai riƙa ba sabon ruwa?

Ta dubi ƙofa, inda inuwar Alhaji ke tsaye tana sauraro.

"Wanda ya kori na hwarko," in ji ta. "Da hannunai. Ni za ni gaya mishi ranar."